Bikon Shanun Sambo

Muna sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a mota: ni, da direba, da wani abokina tsohon malamin makaranta wanda ya ce ya gaji da jin labarin Gobir a rediyo, yana son ya gani da idonsa. Ni kuwa ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Taubashina Labbo, ɗan goggona, manomi ne a wani ƙauye kusa da Tsamaye. Shi ya aiko mini cewa bana ba zai yi shuka ba. Gonar da ya gada ta gaji, damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na cikin fitar da kai, takin zamani kuma tun shekarar korona ya fi ƙarfinsa. Ya ce in bai samu taki ba kafin ruwa ya sauka, zai kwashe iyalinsa ya bar ƙauyen kamar yadda wasu suka bari. Mutumin da ya haura sittin, bai iya komai ba sai noma, ina zai je?

Hanyar tana da kyau har Achida, daga nan sai mota ta fara rawa. Bazara ce, kafin hantsi kujera ta yi zafi. A Goronyo muka tsaya karin kumallo, muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokin tafiyata ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuya ko wannan jikan na bara ne. Ta ce ya je ya tambayi mai sayar da man gyaɗa. Masu albasa suna nan bakin titi da buhunansu, amma manyan motocin da na saba gani suna lodi zuwa kudu sun ragu ƙwarai. Da wannan nake auna tattalin arziki. A rediyon motar kuwa wani yana ta bayanin cewa ƙasa ta fara farfaɗowa daga annoba. Ban ƙaryata shi ba, wataƙila daga inda yake zaune haka ake gani.

Daga Goronyo zuwa Sabon Birni ba a yawan magana a mota. Direba ya kashe rediyo, ya bi sahun wasu motoci biyu, don yanzu ba a son tafiya ɗai-ɗai. Mun wuce shingayen bincike da yawa, na jami'an tsaro da na 'yan sa-kai. Mun wuce ƙauyuka inda rumbuna ke tsaye babu jinka. Na yi tafiye-tafiye a rayuwata ta fataucin fata da ƙiraga, na bi hanyar Agadas, na bi ta Chadi har Sudan, kuma na san irin wannan shirun na matafiya. Sai dai ban taɓa zaton za ni ji shi a hanyar gidan kakannina ba.

Mun isa Sabon Birni kafin azahar. Kasuwa tana ci, amma ba irin cin da na sani ba. Mutanen Nijar da ke shigowa da wake da dabbobi su koma da kayan masarufi sun yi ƙaranci. Rufe iyaka ya fara karya su, korona ta zo ta ƙarasa, sefa kuma ta yi wa naira nisa. Wani mai awo ya gaya mini cewa yanzu rabin mudu ya fi mudu tafiya. Na leƙa rumfar mai takin zamani na tambayi buhu, da ya faɗi kuɗin sai na yi masa fatan alheri na fito. A nan muka bar direba da mota, muka hau babur na 'yan kabu-kabu zuwa ƙauyen Labbo.

Na same shi a gindin bango yana gyaran ƙotar fartanya da ya ce ba zai yi amfani da ita ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Bawana ya iso. Mi ka kawo ma ubangidanka, ko tumbin ga kaɗai ka ɗauko?"

"Na zo in ga wanda gona ta kora," na ce. "An ce kai ne na farko a zuriyarmu."

Haka muke tun muna yara. Matarsa ta kawo mana hoce, wainar dawa ta ƙasarmu, da ruwan sanyi na randa, muka ci muka yi sallah, sannan ya kai mu gonar. Ƙasar ta yi fari, in ka damƙa sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar gishiri. Gawo uku ne a tsaye, sai tsohuwar rijiya a kusurwar gabas wadda ta cushe da yashi. Na tambaye shi ina shanun Sambo. Ya yi kamar bai ji ba.

Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in yi bayani. A ƙasarmu, tun kafin a san takin buhu, manomi in ya girbe hatsi yakan bar karan a gona. Makiyayi ya zo da shanunsa da rani ya sauka a ciki, shanu su ci kara, su sha ruwan rijiyar mai gona, su kwana su zuba kashi da fitsari. Mai gona ya ba da damin gero, makiyayi ya aiko da nono. Ba rubutu, ba shaida. Kowane gida da nasa Bafillace, kuma abin gado ne. Mahaifin Sambo shi ke sauka a gonar mahaifin Labbo, Sambo ya gaji wurin.

Sai da muka dawo gida Labbo ya faɗa mini abin da ya faru. A shekarar korona, da aka hana cin kasuwa, ga fari, gida ya ƙare. Sambo ya tsallaka Nijar da shanu neman ciyawa, ya yi jinkirin dawowa. Masu kiwon turke daga gari suka zo da amalanke suna sayen kara, Labbo ya sare na gonarsa kaf ya sayar, har tushiya bai bari ba. Bayan kwana kaɗan Sambo ya iso da garkensa a rame, ya tarar da fili a share. Ya gaisa, ya sha ruwa, ya kora shanunsa ya wuce. Tun ranar bai sake takowa ba, Labbo kuma kunya ta hana shi nemansa.

"Yunwa ce," in ji Labbo. "Ɗiya suna kuka, mi za ni yi?"

Na ce ban ga laifinsa a sayarwar ba, laifinsa shirun da ya yi shekara uku. Ya ce ya ji labari Sambo yana wajen Bafarawa, yana shigowa kasuwa. Abin da ya sa ya kira ni ke nan, don ina jin Fillanci, shi kuwa ban da gaisuwa bai iya komai ba. Abokin tafiyata ya ce ashe biko muka zo, ya kamata a sayi turmin atamfa. Muka sayi goro da gishirin shanu.

Ranar kasuwar Bafarawa muka koma Sabon Birni muka ɗauki mota zuwa Isa. Gulbi ya ƙafe, sai yashi da 'yan ramukan da mata ke tona suna kwarfar ruwa. Amma a fadamar Isa na ga abin da ya faranta mini rai: mutane sun kafa 'yan injinan ban-ruwa, wasu ma da faranti mai aiki da hasken rana saboda tsadar fetur, ga tattasai da albasa kore shar a tsakiyar wannan ƙuna. Na ga irin wannan a bakin kogin Senegal shekarun baya, na yi ta mamaki, ban san zai iso mana ba. A Isa muka ci tuwon dawa da miyar kuka a wata rumfa, naman ciki yanka ɗaya ne, mai abincin ta ce a yi haƙuri, na ado ne. Daga nan sai babur kuma, ta hanyar daji mai yashi. Wanda ya ɗauko ni bai rage gudu ko sau ɗaya ba, na kuwa fahimci dalili, ban yi ƙorafi ba.

Mun sami Sambo a gefen kasuwar dabbobi, zaune da sandarsa a gefe da malfa a gwiwa. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Na yi masa sallama da Fillanci, muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, shanu, zafi, gajiya. Sannan ya juya ya dubi Labbo, ya ce da Hausa:

"Kaɗo, ashe kana da rai."

"Ina da rai, Sambo. Gona ce ba ta da shi."

Na taka ƙafar Labbo, don ba haka ake fara magana da Bafillace ba. Muka koma inuwa, na sa aka dama mana fura. Na ajiye goro da gishiri a gefensa ban ce komai a kansu ba, shi ma bai duba ba. Muka yi hirar duniya. A nan na ji nasa labarin. Garken da na sani mai cika gona ya watse. Fari ya ci wasu. Lokacin da aka rufe kasuwannin dabbobi ya rasa inda zai sayar da ko ɗan maraƙi ya sayi dusa, wasu suka mutu yana kallo. Ɓarayin daji suka kore mafi yawan sauran a rana ɗaya. Yanzu goma sha ɗaya suka rage. In ya shiga gari ana yi masa kallon ɓarawo, in ya shiga daji ɓarayi na yi masa kallon abinci. Inda yake zaune yanzu ruwa saye yake yi, jarka-jarka.

Sai da la'asar ta kusa na kawo maganar, a kaikaice. Na ce gawon gonar Labbo sun zubar da 'ya'ya bana, babu mai ci. Ya ce ya san gawon nan, a ƙarƙashin na tsakiya aka yi masa aski na fari. Sannan ya ce da Fillanci, yana kallon ƙasa: "Ranar nan da na iso, saniya biyu sun kwanta a bakin gonar ba su tashi ba. Ban gaya masa ba."

Na fassara wa Labbo. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, "Ni na yi. Ban da abin da za ni hwaɗi. In ka dawo, karan gonar ga naka ne har in mutu, ko ana sayen shi da zinari."

Sambo ya ce kara sai kaka, yanzu ina ruwa? Labbo ya ce rijiya ta cushe. Sambo ya ce to. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya ba ni rabi, ya sa gishirin a jakarsa. Ya ce tafiyar kwana uku ce da shanu masu rauni, ta hanyar da kowa ya san abin da ke cikinta, kuma waɗannan sha ɗayan su ne duk abin da ya mallaka. Ba zai kora su zuwa busasshiyar rijiya ba. In ruwa ya fito a aiko masa, zai duba. Wanda ya zauna da Fulani ya san "zai duba" ba alkawari ba ne, amma ɗaukar gishirin ya fi maganar nauyi.

Muka kwana a Isa, washegari muka koma ƙauye muka fara neman masu yasar rijiya. A nan aikin ya so ya tsaya. Maƙwabcin Labbo, wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a gona, ya zo har ƙofar gida ya ce bai yarda a sauke Bafillace a bayan gari ba.

"Alhaji, kai gobe kana Sakkwato," ya ce mini. "Mu ne ke kwana nan."

Gaskiya ya faɗa. Muka tafi gaban mai gari. Dattawa suka yi ta magana, wasu na tuna nonon gidan su Sambo da suka sha suna yara, wasu na tuna gawawwakin da suka ɗauko. Labbo ya miƙe ya ce shi ya tsaya wa Sambo, in wani abu ya faru a kama shi. Mai gari ya yanke cewa Sambo ya zo shi da iyalinsa kaɗai, ba baƙo, kuma ya sauka inda ake hangensa daga gari. Maƙwabcin bai ce ya yarda ba, ya tashi ya fita. Da safe muka tarar da doguwar igiyarsa da guga a bakin rijiyar. Shi bai zo ba, har na baro garin bai yi mana magana ba.

Kwana huɗu aka yi ana yasa. Mutum biyu masu sana'ar suna shiga bi da bi, mu muna sama muna jan guga muna zubar da yashi. Na ce mu, amma gaskiya ni da abokin tafiyata mun fi ƙarfi wajen ba da shawara. Labbo ya ce tun da aka haife ni bai ga na ɗaga abin da ya fi cokali nauyi ba sai yau. Rana ta farko busasshen yashi, ta biyu ma haka, har da tsohon takalmi da ƙashin akuya. Rana ta uku da yamma mai yasa ya ce a shekarun nan ruwa ya gudu ƙasa, rijiyoyi da yawa an yashe su ba a samu komai ba. Labbo ya ce a ci gaba ko da zai sayar da akuyar matarsa. Matar tana tsaye da tulun kunu ta ce ya sayar da tasa hular tukuna. Rana ta huɗu da hantsi guga ya fito da laka mai sanyi. Kafin azahar ruwa ya taru, ja, mai kauri, amma ruwa. Aka gyara tsohon komin shayarwa, aka ba wani ɗan kabu-kabu saƙo zuwa Bafarawa.

Sai jira. Kwana biyar babu labari, waya kuma a yankin sai an hau tudu, shi ma ba kullum ba. Labbo yakan je gona da safe ya dawo, ya koma da yamma. Na ga ya daina tsokanata, abin ya dame ni. A kwana na shida bayan la'asar muna zaune gindin gawo sai muka ji kukan saniya daga kudu. Sambo ne a gaba da sandarsa a kafaɗa, matarsa a baya da jaki ɗauke da ƙwarya da tabarmi, shanu a tsakiya, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a fili. Na ƙirga su da ido, duk sun iso. Bai gaishe mu ba sai da ya je rijiya ya ja guga, ya ɗiba da tafin hannu ya kurɓa, ya tofar, ya sake kurɓa ya haɗiye. Sannan ya ce wa Labbo:

"Ruwanka kamar kai, Kaɗo. Ba daɗi, amma ana sha."

Shanu goma sha ɗaya ba za su taki gonar duka ba kafin damina, ko kashi ɗaya cikin huɗu da wuya. Na ba su shawarar abin da na gani a wajen manoman Senegal: a ɗaure shanun a turaku wuri ɗaya, bayan kwana biyu a matsa gaba, don kada takin ya watsu a banza. Sambo ya ce shanunsa ba su saba da turke ba, ba awaki ba ne. Labbo ya ce a gwada. Na bar su suna gardama a kan inda za a fara kafa turakun, kowa na cewa ɗan'uwansa bai san ƙasa ba.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, da shingayenta da shirunta. A Goronyo ƙosai bai ƙara girma ba. Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba, na yi wanka na kwanta, kafaɗuna suna tuna mini guga har kwana uku.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Masu ilimin tattalin arziki suna maganar farfaɗowa da manyan kalmomi, kuma akwai abin da sai hukuma za ta iya: tsaron hanya, buɗe iyaka, sauƙin taki. Ban raina wannan ba, muna jira, muna kuma tambaya. Amma na ga annoba da fari ba dukiya kaɗai suka ci ba. Sun sa mutum ya sayar da abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa don ya ci abincin mako guda, kuma wannan ba ya dawowa da sanarwar rediyo. Sai wani ya hau babur ya je ya cire hula. A ƙasashen da na zaga, duk inda na ga mutane sun tashi bayan wahala, da irin wannan ƙaramin gyaran suka fara, tun kafin taimako ya iso.

Ban san ko damina za ta yi kyau ba. Ban san ko daji zai bar Sambo da shanunsa ba, ko maƙwabcin nan zai sauko. Har yau da nake wannan rubutu ruwa bai sauka a Tsamaye ba. Amma jiya wani da ya fito daga can ya gaya mini turakun sun matsa sau huɗu, kuma ya baro Labbo a tsakar gida ya sauko da damin iri daga rumbu, yana zaɓen zangarniya.